Agogo Mai Saɓa Alkawari: Yadda Ake Gano Kuskuren Lokaci a Wasannin Rubutu na Intanet

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai babur ko mota wurin makaniki ya san wani irin ciwo mai ban haushi. Inji zai yi ta tari a kan hanya, amma da zarar an isa gareji sai ya yi lafiya lau, har makanikin ya riƙa yi wa mai abin kallon wanda bai san abin da yake faɗa ba. Irin wannan matsala mai zuwa tana tafiya ta fi wadda ta tsaya cik wuyar magani, domin kuwa abin da ya lalace gaba ɗaya yana nuna kansa, amma wanda ke aiki sau tara ya ƙi a na goma sai an yi masa kwanton ɓauna.

A wannan maƙala zan yi bayani a kan irin wannan matsala kamar yadda take bayyana a wasannin rubutu na intanet, musamman a wajen agogon da ɗan wasa ke saitawa domin ya riƙa aika umarni a madadinsa. Zan fara da bayanin wasan da tarihinsa, sa'annan in kawo dalilan da ke sa agogon saɓa alkawari, da matakan da ake bi a gano su. Daga ƙarshe zan nuna inda lamarin ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe, domin kuwa wasan nan ba shi da hoto ko ɗaya, kalma ce jarinsa.

2.0 Mene Ne Wasan Rubutu?

Wasan rubutu wasa ne da ake yi ta karantawa da rubutawa kawai. Kwamfuta za ta siffanta wa mutum inda yake, shi kuma ya rubuta abin da yake son yi. Alal misali, a ƙaddara an gina irin wannan wasa da Hausa a kan birnin Bauchi. Mai wasa zai iya ganin wannan a allonsa:

Kana tsaye a Ƙofar Ran. Wata mai tuyar masa tana gefen titi. Yunwa ta fara damun ka.

Shi kuma sai ya rubuta: sayi masa. Nan take amsa za ta zo cewa ya sayi masa, kuɗinsa sun ragu da kaza.

Asalin wannan salo yana komawa ga wasan Colossal Cave Adventure wanda Will Crowther ya rubuta a Amurka wajen 1976, Don Woods kuma ya faɗaɗa shi a 1977. Wancan na mutum ɗaya ne. A 1978 wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw a Jami'ar Essex ta Ingila ya fara rubuta wanda mutane da yawa za su shiga lokaci guda, ya raɗa masa suna MUD. Abokin karatunsa Richard Bartle ya karɓi aikin a 1980. Daga nan aka samu rassa: TinyMUD da LPMud a 1989, sai DikuMUD da ɗaliban Jami'ar Kwapanhagan ta ƙasar Denmak suka fitar a farkon shekarun 1990, wanda ya haifi irin su Merc da CircleMUD. Mai karatu zai lura cewa ɗaliban jami'a ne suka yi mafi yawan wannan aiki.

Wasu daga cikin wasannin sun yi tsawon rai, kamar BatMUD na ƙasar Finlan da aka buɗe a 1990, da Achaea na 1997. Haka kuma suna da farin jini a wurin makafi, saboda manhajar da ke karanta rubutun allo da murya tana iya karanta musu duk abin da ke faruwa. A wurin irin waɗannan 'yan wasa, agogo da sauran kayan taimako su ne sandar jagora.

3.0 Kalmomin Aiki

Kafin mu yi nisa, ga kalmomin da zan yi amfani da su.

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da duniyar wasan ke zaune a cikinta, galibi a Turai ko Amurka.

Manhajar ɗan wasa ita ce wadda mutum ke buɗewa a kwamfutarsa domin ya yi magana da uwar garke. Sanannu daga ciki su ne TinTin++ da zMUD da MUSHclient da Mudlet. Ita Mudlet da harshen Lua ake rubuta mata umarni, harshen da aka ƙirƙira a 1993 a wata jami'a da ke birnin Riyo na ƙasar Barazil.

Tarko shi ne umarnin da ake ɗanawa ya jira wata magana. Da zarar maganar ta bayyana a allo sai ya tashi. Misali, in an ga "Yunwa ta fara damun ka", a aika "ci masa".

Agogon jira shi ne umarnin da ke ƙidaya lokaci, in ya cika ya aikata abin da aka ce masa. Akwai mai bugawa sau ɗaya ya mutu, akwai mai maimaitawa.

Bugu shi ne zagayen lokaci na duniyar wasan. A kowane bugu uwar garke kan ƙara wa 'yan wasa ƙarfi, ta motsa yanayi, ta matsar da sa'ar wasan gaba.

Na zaɓi kalmar "sakan" a maimakon "daƙiƙa" da gangan. A Larabci, inda muka aro ta, daƙiƙa minti ce, amma a bakin Hausawa da yawa da kafafen labarai ta koma sakan. Wannan ruɗani yana da ɗan'uwa a kwamfuta: wata manhajar da sakan take ƙidaya, wata kuma da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wanda ya rubuta 30 a inda ake nufin na biyun zai ga umarninsa yana fita kamar ruwan sama.

4.0 Agogo Uku Ne, Ba Ɗaya Ba

Tushen fahimtar wannan matsala shi ne sanin cewa abubuwa uku ke riƙe da lokaci, kuma babu wanda ke yi wa wani biyayya.

Na farko agogon uwar garke ne. Shi ke yanke hukuncin yaushe bugu zai zo. A CircleMUD sa'a ɗaya ta wasa sakan 75 ce. A Merc kuwa da gangan marubutan suka sa tsawon bugu ya riƙa sauyawa tsakanin rabin tsawonsa da ɗaya da rabi, domin kada a iya hasashensa.

Na biyu agogon kwamfutar ɗan wasa ne, wanda agogon jira ke dogara a kansa.

Na uku kuma hanya ce, wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga Bauchi zuwa uwar garke ya dawo. A shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet da yawa a Arewa ke amfani da tauraron ɗan'adam, saƙo kan hau nisan kilomita 35,786 ya sauko kafin ya isa, amsa ma haka. Hawa da sauka sau huɗu ke nan, wanda ko da gudun haske bai gaza kusan rabin sakan ba. Da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, jinkirin ya ragu ƙwarai. Sai dai bai zama daidai a kowane lokaci ba. Da daddare, lokacin da kowa ya hau kan waya, hanya kan cunkushe. A ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wayoyin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ɗanɗana yadda hanya ke iya sauyawa dare ɗaya.

Muddin agogon nan uku sun yi kusa da juna, jerin umarni zai yi aiki. Ranar da ɗaya ya zame, sai kuskure ya leƙo. Shi ya sa yake zuwa yana tafiya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza.

5.0 Dalilan da Suka Fi Yawa

5.1 Rige-rige

A ce tarko ya ajiye sunan abokin gaba a wata ma'ajiya, agogon jira kuma zai kai masa hari bayan sakan 2. In abokin gaban ya mutu ko ya gudu kafin sakan biyun su cika, wani tarkon zai share sunan. Agogon bai san an yi ba, zai tashi ya tarar da ma'ajiya wayam, sai manhaja ta fitar da saƙon kuskure cewa an nemi abu a inda babu komai. A harshen Lua wannan "babu komai" shi ake kira nil. A mafi yawan faɗace-faɗace agogon ne ke riga, shi ya sa ba a ganin komai. Sai ranar da saƙon mutuwar ya riga shi.

5.2 Tagwayen Agogo

A Mudlet, duk lokacin da aka kira umarnin tempTimer sabon agogo ake haifa, kuma yakan ba da lambar shaidarsa. In ba a ajiye lambar an kashe tsohon da killTimer ba, to tsoho da sabo za su ci gaba da aiki tare. In tarkon da ke haifar agogon ya tashi sau uku, agogo uku ke nan. Wannan na daga cikin dalilan da na fi cin karo da su, kuma zan kawo misalinsa a gaba.

5.3 Zamiya

Agogo mai maimaitawa yakan tara ƙaramin kuskure har ya zama babba. A ƙaddara bugun wasa sakan 60 ne, kuma agogon ɗan wasa yana makara da 0.2 na sakan a kowane zagaye. Bayan zagaye 50, wato ƙasa da awa ɗaya, ya makara da sakan 10. Bayan zagaye 300, wato kimanin awa 5, ya makara da bugu guda cur, har ya sake yin daidai na ɗan lokaci kamar ya warke. Wanda ke wasan minti ashirin ba zai taɓa ganin wannan ba, sai mai kwana a kai.

Daga ina makarar ke zuwa? Agogon jira alkawarinsa shi ne ba zai buga kafin lokaci ba. Bai ɗauki alkawarin bugawa a kan lokaci daidai ba. In manhajar tana fama da rubutu mai yawa da ke kwararowa, sai ta gama kafin ta waiwayi agogo. Ban da haka, Windows bisa al'adarsa sau 64 yake duba agogo a sakan ɗaya, wato duk bayan kusan kashi 15.6 cikin dubu na sakan.

Kada a raina zamiya. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, ya faɗa a kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28. Bincike ya nuna cewa na'urar ta yi kimanin awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, kuma ɗan guntun kuskure wajen lissafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya taru har ya kai 0.34 na sakan. A gudun makamin, wannan ya haura rabin kilomita.

5.4 Tsallen Agogo

Kwamfuta tana da agogo iri biyu. Akwai na bango, mai faɗin ƙarfe nawa, akwai kuma mai ƙidaya tun daga kunna na'ura wanda ba ya komawa baya. Na bango yana iya yin tsalle. Kwamfuta kan tuntuɓi intanet lokaci-lokaci ta gyara shi, sai ya yi gaba ko baya. A kwamfutocin hannu da muke saye, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo sau da yawa ya riga ya mutu, saboda haka in wuta ta ɗauke aka sake kunnawa sai a ga kwanan watan shekarun baya, kafin intanet ta gyara shi. Jerin umarnin da ke cire "lokacin farawa" daga "lokacin yanzu" zai sami amsar da ba ta da kan gado.

Akwai kuma sauyin sa'a. Najeriya da Nijar kullum suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, ba ma sauyawa. Amma Ingila tana tura agogonta gaba a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ke nan kimanin wata bakwai agogonmu da na Landan ɗaya ne, kimanin wata biyar kuma mun fi su da awa ɗaya. In wasa yana yin wani abu bisa agogon garin da uwar garke take, ɗan wasan Bauchi zai ga lissafinsa ya yi daidai wata bakwai, ya kuskure wata biyar.

Shi ma mai ƙidayar yana da iyaka. Wanda ke ƙidaya kashi dubu na sakan a cikin gurbi 32 yakan cika bayan kwana 49.7 ya koma sifili, kamar ma'aunin tafiyar mota in ya ƙure. Wannan ne ya sa Windows 95 da 98 kan sandare in sun kai waɗannan kwanaki a kunne.

5.5 Barcin Na'ura

Kwamfutar tafi-da-gidanka in ta koma kan batir takan rage aiki ko ta yi barci. Wayar hannu takan daskarar da manhajar da ba ta kan allo. Manhajar shiga intanet ta Chrome, tun daga 2021, takan rage wasu agogunan shafin da aka ɓoye fiye da minti 5 zuwa bugu ɗaya a minti. Saboda haka mai wasa ta shafin intanet, in ya leƙa wani shafin ya daɗe, agogonsa na sakan 10 zai iya komawa na minti guda. Da ya dawo ya zuba ido kuma sai komai ya daidaita. Masana kwamfuta suna yi wa irin wannan kuskure mai ɓuya in an kalle shi laƙabi da sunan masanin kimiyyar nan na Jamus, Heisenberg.

5.6 Tsagewar Magana

Intanet ba ta san layi ko jimla ba. Ƙunshi-ƙunshi take ɗauko rubutu, kowane ƙunshi galibi bai wuce bayit 1,500 ba, kuma tana iya yanke jimla a ko'ina. In hanya lafiya take, rabin farko da na biyu kan iso tare. In ta cunkushe, "Yunwa ta fara" zai iso, "damun ka" ya biyo baya. In manhajar ta gaji da jira ta ɗauki rabin farko a matsayin cikakken layi, tarko ba zai tashi ba, agogon da ya kamata tarkon ya kunna shi ma ba zai kunnu ba. Sai a ɗora wa agogo laifi alhali tarko ne bai kama ba. TinTin++ da Mudlet duk suna da wurin saita tsawon wannan jira.

6.0 Matakan Bincike

Ga tsarin da nake bi, kuma nake ba duk wanda ya nemi shawarata.

Mataki na ɗaya: a siffanta ciwon da jimla guda. "Agogona ba ya aiki" ba bayani ba ne. Shin bai buga ba ne sam, ko ya makara, ko ya yi sauri, ko ya buga sau biyu, ko ya buga amma ya fitar da saƙon kuskure? Kowace amsa tana nuni ga dalili daban. Rashin bugawa yana nuni ga tsagewar magana ko barci. Bugu biyu yana nuni ga tagwaye. Makara mai ƙaruwa zamiya ce. Saƙon kuskure kuwa galibi rige-rige ne.

Mataki na biyu: a buɗe rajista. Wato a sa manhajar ta riƙa rubuta layi ɗaya a fayil duk lokacin da aka haifi agogo, da lokacin da ya buga, da lokacin da aka kashe shi, tare da lambar shaidarsa da lokaci har zuwa kashi dubu na sakan. A nan akwai abin lura ga masu Lua: os.time cikakkun sakan kawai yake bayarwa, os.clock kuma a Linux lokacin da injin ya yi yana aiki yake aunawa, ba lokacin da ya shige ba. Gara a yi amfani da ma'aunin da manhajar wasan ta tanada. Ƙwaƙwalwar mutum ba abin dogaro ba ce a nan. Gani ya kori ji.

Mataki na uku: a rubuta yanayi. Ƙarfe nawa ne? Da wuta ko a kan batir? Layin ya yanke kafin nan? Awa nawa aka yi ana wasa? Bayan kuskuren ya faru sau biyar ko shida, sai a jera bayanan a nemi abin da suka yi tarayya a kai.

Mataki na huɗu: a tsokano kuskuren da gangan. In ana zargin yankewar layi, a yanke shi da hannu sau uku a gani. In ana zargin barci, a rufe kwamfutar minti biyu. In ana zargin rige-rige, a tsawaita jiran daga sakan 2 zuwa 20 domin ɗayan ya riƙa riga shi kullum. Kuskuren da mutum ya iya kira ya amsa, an gama da rabinsa.

Mataki na biyar: a raba biyu. In tarkuna da agoguna sun kai 40, a kashe 20 a gwada. In ciwon yana nan, yana cikin waɗanda aka bari. A sake rabawa: 10, 5, 3, 2, 1. Gwaji shida ya isa a kai ga mai laifi.

Mataki na shida: a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, kuma a jira. In kuskure yakan zo sau ɗaya a kwana uku, to lafiyar awa biyu ba shaida ba ce cewa ya warke.

7.0 Misali Daga Unguwarmu

Wani abokina da muke zaune tare a Ƙofar Ran ya shafe watanni yana gina jaruminsa a ɗaya daga cikin waɗannan wasanni. Ya saita agogo ya riƙa sha masa maganin ƙarin ƙarfi duk sakan 30. Wasu ranakun komai daidai. Wasu ranakun kuwa sai kwalaben su ƙare a rabin lokacin da ya saba, jarumin ya mutu a tsakiyar faɗa, kayan da ya daɗe yana tarawa su salwanta. Ya sake girka manhajar har sau biyu, abin bai sauya ba.

Da muka buɗe rajista, daren farko tazarar bugu ta fito 30, 30, 30. A dare na uku sai ta koma 11, 19, 11, 19. Mai karatu ya haɗa 11 da 19, zai sami 30. Ke nan agogo biyu ne, kowanne yana cika alkawarinsa na sakan 30, amma ɗaya yana bayan ɗaya da sakan 11. Da muka duba saman rajistar sai muka ga abin da ya faru daf da sauyin: wuta ta ɗauke, layin ya yanke, ya koma kan intanet ɗin wayarsa ya sake shiga. Tarkon da ke kunna agogon yana tashi ne da ganin gaisuwar da wasan ke yi wa mai shigowa. Kowace shiga sabon agogo, tsohon kuma yana nan da ransa, tunda ba a rufe manhajar ba. Mun yanke layin da hannu sau biyu, sai ga agogo uku. Gyaran bai wuce layi uku ba:

In akwai tsohon agogo, a kashe shi.
A haifi sabo, a ajiye lambarsa.
In layi ya yanke, a kashe duk agoguna.

Ba manhajar ce ta lalace ba, ba kuma kwamfutar ba. Jerin umarnin an rubuta shi ne kamar layi ba ya yankewa, alhali a wurinmu yankewar ita ce abin da aka saba.

8.0 Rigakafi

Mai tuyar masa ba ta duba agogo kafin ta juya masa. Gefen masar take kallo. In wuta ta yi ƙarfi ta juya da wuri, in itacen ɗanye ne ta ƙara jira. Da za a ce mata ta riƙa juyawa duk sakan 40, da wata ta ƙone, wata ta fito da ƙullu a ciki. Wannan ita ce babbar ƙa'ida: a jira alama, kada a dogara da ƙidaya. In wasan yana faɗin "Ka dawo hayyacinka" bayan kowane hari, to a ɗana tarko a kan wannan magana. Agogo ya zama mai gadi kawai: in sakan 10 sun wuce alamar ba ta zo ba, ya sanar da mai wasa.

Sauran ƙa'idojin su ne: kowane aiki agogo ɗaya mai suna; agogo in ya tashi ya fara duba ko abin da aka haife shi dominsa yana nan; duk lokacin da aka ga alamar bugu daga uwar garke a sake saita ƙidaya daga sifili domin kada zamiya ta taru; a auna tazara da agogon da ba ya komawa baya. Haka nan a karanta dokokin wasan, domin da yawa sun hana mutum ya bar jerin umarni yana masa wasa shi ba ya wurin.

9.0 Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Tarko nazarin jimla ne. Mai ɗana shi dole ya san wane ɓangare na magana ne tsayayye, wane ne mai sauyawa. A Ingilishi wakilin suna na mutum na biyu ɗaya ne. A Hausa kuwa "damun ka" da "damun ki" da "damun ku" duk za su iya fitowa, kuma tarkon da ya san ɗaya kawai zai yi wa maza aiki ya ƙi yi wa mata. Ga kuskure mai zuwa yana tafiya wanda asalinsa nahawu ne.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Tsarin ASCII na 1963, wanda aka gina tsofaffin wasannin a kansa, gurbi 128 gare shi, babu ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. A tsarin UTF-8 na 1992 kowannensu bayit biyu ne. Harshen Lua bayit yake ƙirgawa, saboda haka a wurinsa "kofa" huɗu ce, "ƙofa" biyar. In ƙunshi ya tsage a tsakiyar ƙ, manhajar da ba a gina ta da kyau ba za ta nuna shirme a wurin. Ga kuma bambancin rubutu: mu a Najeriya muna rubuta 'y, a Nijar ana rubuta ƴ, kuma ita kanta alamar ɗaurin tana da siffa fiye da ɗaya a kwamfuta. A ido duk ɗaya ne, a wurin tarko kuwa kalmomi ne mabambanta.

Akwai irin waɗannan wasanni da Jamusanci da Rashanci da Sinanci. Gina na Hausa ba ya buƙatar mai zane ko kwamfuta mai tsada. Yana buƙatar wanda ya iya siffanta wuri da kalmomi kaɗan, ya san ƙa'idojin rubutu, ya kuma yanke shawara a kan yadda za a karɓi "ƙ" daga wanda allon rubutunsa "k" kawai gare shi. Wannan aikinmu ne, kuma birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, da ganuwarsa da ƙofofinsa irin su Wunti da Ran da Nasarawo, ya isa zama filin wasa.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa kuskuren agogo mai zuwa yana tafiya yana da dalilai sanannu: rige-rige, tagwayen agogo, zamiya, tsallen agogo, barcin na'ura da tsagewar magana. Na kuma kawo matakai shida na bincike, waɗanda ginshiƙinsu shi ne rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru kafin a taɓa komai. Wannan tsari bai tsaya ga wasa ba. Mai na'urar cirar kuɗi da ke yanke masa ciniki jefi-jefi, da ɗalibin da shafin rajista ke kora kafin ya gama cike fom, duk za su amfana da tambayar farko: yaushe yake faruwa, kuma me ya gabace shi? Ina fata 'yan'uwa ɗalibai za su gwada kalmomin da na yi amfani da su a nan, su gyara waɗanda ba su zauna ba, su kuma kawo nasu a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara mana basira, amin.